POKA: Cacar Amurka Wadda Hasala Ke Cinye Gwani

A cikin dukkan wasannin karta da ake caca da su a Amurka, babu wanda ya yi suna kamar Poka irin ta jihar Texas, watau wadda ba a yanka wa mutum iyakar kuɗin da zai zuba. Ana raba wa kowa karta biyu a rufe, sa'an nan a baje biyar a tsakiyar tebur daki-daki, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe tulin kuɗi. Ko yaushe kuwa ɗan wasa yana iya tura duk abin da ke gabansa, abokin karawarsa ko ya biya daidai, ko ya ajiye karta ya haƙura da abin da ya riga ya zuba.

Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, haramun ce. Amma yadda gwanayen wannan wasa suke tunani abin dubawa ne.

Wasan iri biyu ne. Akwai gasa, kamar wadda Benny Binion ya fara a gidan cacarsa na Horseshoe da ke Las Vegas cikin 1970, inda kuɗin shiga babbar karawa ya tsaya a kan dala 10,000. Wanda aka cinye ya fita, hasararsa ba ta wuce wannan ba. Akwai kuma wasan tsabar kuɗi, wanda ba shi da ranar ƙarewa. Wanda aka cinye sai ya sa hannu aljihu ya sake zama, har gari ya waye, har wata rana ta fāɗi. Haɗarin duka a nan yake.

Gwani dai da lissafi yake farawa. Alal misali, akwai dala 100 a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 100. Wanda zai biya 100 don neman 200, lalle ne ya riƙa ci sau ɗaya cikin uku, in ba haka ba yana hasara ne a hankali. To, idan karta huɗu masu alama iri ɗaya yake da su, yana jiran ta biyar, kuma saura guda a baje, guda 9 ne kacal cikin 46 za su fisshe shi, watau ƙasa da sau ɗaya cikin biyar. Mai hankali sai ya ajiye, sai fa in abokin karawar yana da kuɗi jibge a gabansa, kuma mutum ne da ba ya iya haƙura. Saboda haka ne gwanaye suka fi kallon mutum da tulin kuɗinsa a kan kartar hannunsu, suna kuma son kujerar da za su zama na ƙarshe wajen magana, bayan sun ga abin da kowa ya yi.

Burga ma lissafi ce. Wanda ya zuba daidai da abin da ke tsakiya alhali hannunsa ba kome, yana bukatar abokin karawa ya tsorata sau ɗaya cikin biyu kafin ya mai da kuɗinsa. Doyle Brunson, mutumin Texas wanda ya ci babbar gasa a 1976 da 1977, ya gina littafinsa mai suna Super/System a kan haka: a riƙa matsa wa mutane lamba ana kwashe ƙananan tuli, domin ran da aka yi babban karo, da kuɗinsu ake yi.

Sai dai lissafin yana da wani gefe mai ɗaci. Karta biyu mafiya ƙarfi, watau As biyu, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, kuma in suka haɗu da wasu tagwayen karta, ana kayar da su wajen sau ɗaya cikin biyar. Ke nan mutum yana iya jira sa'o'i, ya yi kome daidai, a kwashe kuɗinsa duka cikin minti guda. Abin da ya yi bayan wannan minti shi ke raba gwani da ɗan kamasho. Mai hasala yakan ninka kuɗi don ramuwa, ya shiga da kartar da dā zai yar, su kuwa na teburin abin da suke jira ke nan. Shi ya sa masu sana'ar sukan ware jari wanda ya kai ninki ashirin ko talatin na abin da suke zama da shi, su tashi da zarar zuciya ta fara tafasa. Ga shi kuma gidan caca yana yankar kamashonsa daga kusan kowane tuli, don haka mafi yawan masu zama hasara suke komawa da ita gida.

Cikin 2017 wata kwamfuta mai suna Libratus, wadda aka ƙera a Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da gwanaye huɗu a birnin Pittsburgh, rabo 120,000 cikin kwana 20, ta kayar da su. Tana yin burga kamar kowa, har takan zuba abin da ya ninka tulin tsakiya sau da yawa. Abin da ba ta da shi, gajiya da jin haushi.

Stu Ungar, ɗan New York, yana da basirar da ake cewa ba a taɓa ganin irinta ba, amma ba shi da birki. Ya ci babbar gasa a 1980 da 1981, abin da ya samu kuwa ya tafi a cacar dawaki da ta wasanni da hodar iblis. A 1997 ko kuɗin shiga ba shi da shi, sai da wani ɗan caca, Billy Baxter, ya biya masa. Ya ci karo na uku, suka raba dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 1998 aka tarar da gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, ba shi da dukiya. Brunson, wanda ya ci gaba da zama a manyan teburan tsabar kuɗi na birnin har tsufa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.