Kada Ku Yar Da Tsohon Alƙalami

A gidajen Kirista da yawa akwai akwatin ƙarfe wanda Baba ko Kaka ya bari. In an buɗe, akan tarar da tsohon Littafi Mai Tsarki, da katin baftisma, da alƙalami mai shan tawada. Littafin da katin akan adana su. Alƙalamin kuwa sai a ce ya mutu, a miƙa wa yara su ɓalla. Ya ku masu karatu, yawancin alƙaluman nan ba mutuwa suka yi ba. An ƙera su ne domin a riƙa gyarawa.

Biro ne ya ture su. Sunansa ya fito daga Laszlo Biro, mutumin Hangari, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1938. A 1950 kamfanin Bic na Faransa ya fito da mai araha, wanda in ya ƙare sai a jefar. Amma har yau a Amurka da Ingila akwai masu tara tsofaffin alƙaluma suna gyarawa, ba kuwa masu kuɗi kaɗai ba. Sukan nemi irin waɗanda aka yi wa ɗalibai da akawuna: Esterbrook J, wanda ake murɗe bakinsa a sa wani, Parker 21 na 1948, Parker 45 na 1960, da Hero 616 na Shanghai, wanda aka kwaikwaya daga Parker 51 na 1941. An ƙera su da yawan gaske, shi ya sa ba su yi tsada ba.

Yadda yake aiki

A ƙarƙashin bakin alƙalami akwai wani baƙin harshe mai siraran hanyoyi. Tawada tana saukowa ta nan, iska kuma tana hawa ta cike gurbinta. In tawada ta bushe a hanyoyin, rubutu ya tsaya. A cikin jikin yawancinsu kuma akwai 'yar jakar roba mai riƙe tawada. Da ta tsufa takan ƙandare ta farfashe. Cututtuka biyun nan su ne suka fi yawa.

Yadda ake gyara

Da fari ku tsoma bakin kaɗai a ruwan sanyi mai tsabta, ya kwana. Ku yi ta sake ruwan har ya daina canza launi. Sau da yawa wannan ya isa.

In kun matsa jakar ta yi ƙaras-ƙaras, sai an sake ta. Ku kankare tsohuwar a hankali, ku sayi sabuwa daidai girmanta wurin masu sayar da kayan alƙalami ta intanet, ku manna ta da shalak, irin wanda kafintoci ke shafa wa katako. Ta bushe, ku shafa mata farar hoda marar turare. Parker 45 kuwa da 'yar kwalbar roba yake aiki, ana iya sake cika ta da sirinji.

Abubuwa uku ku kiyaye. Kada ku buɗe da ƙarfi ko da filaya, gama tsohuwar roba ba ta da wuyar tsagewa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kada ku kai shi kusa da wuta ko tafasasshen ruwa, kada kuma ku wanke da fetur ko kananzir. Na uku, kada ku zuba masa tawadar allo. Gawayi da ƙaron da ke cikinta za su toshe hanyoyin. Ku nemi tawadar kwalba wadda aka yi dominsa, kamar Quink.

Me ya sa za mu damu?

Bayan Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya umarci almajiransa su tattara ragowar, don kada kome ya lalace (Yohanna 6:12). Yaron da ya saba da saye da jefarwa, da wuya ya iya riƙon amanar babban abu. A aji kuma nakan lura, mai alƙalamin tawada ba ya danna takarda, hannunsa yakan natsu.

Saboda haka, iyaye, ku buɗe akwatin nan a wannan wata. Ku wanke alƙalamin tare da yaranku, ku gaya masu ko na wane ne, da irin aikin da ya yi da shi. Sa'an nan ku bar ɗayansu ya rubuta wa Kaka wasiƙa da shi. Allah ya sa mu zama amintattu cikin ƙanƙanen abu. Amin.