Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa a Kan Kiristocin Cikinmu

A Babura, kamar a Kazaure da Roni da Gwiwa, Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa abin da yawancinmu muka sani game da Kirista a majalisa muka tsince shi, ba daga bakin mai addinin ba. Ga shi kuwa bai yi mana nisa ba: ma'aikaciyar jinya a asibiti, ɗan bautar ƙasa da aka turo sakandare, mai shagon kayan gyaran babur, sai kuma wanda aka fi mantawa da shi, manomin ƙauye da kakanninsa Maguzawa ne. Ni Musulmi ne, kuma abin da ya sa na damu shi ne addinina bai halatta mini yi wa kowa ƙage ba, balle maƙwabci.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai babu Bahaushe Kirista, duk wanda ya nufi coci ran Lahadi baƙo ne daga Kudu ko daga Filato. Wannan jita-jita ce, kuma ita ta fi yi wa mutane ciwo, domin tana raba mutum da ƙasar da aka binne cibiyarsa. Tun kafin samun 'yancin kai ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tasha da makarantar yara maza a Roni, nan kusa da mu. Daga 1937 ita ce ta riƙa kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, kuma daga aikinta ne cocin ECWA ya fito a 1954. Mafi yawan waɗanda suka sha magani a wuraren nan sun koma gida da Musuluncinsu, amma wasu sun karɓi Kiristanci, haka ma Maguzawa da dama, jikokinsu kuwa suna nan. In ka leƙa ƙaramar majami'a a ƙauyen ƙasar Kano ko Jigawa, za ka tarar da maza a gefe guda da riga da hula, mata a ɗaya gefen da ɗankwali, 'yan zumuntar mata sun sha anko suna kaɗa tulu, mai bishara yana wa'azi da Hausar da babu gargada a cikinta. Bayan kaka, baikon da ake bayarwa a coci ma da damin gero ake kawo shi.

A Zariya abin ya fi daɗewa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda irin matsayin da yake ba Annabi Isa, alaihissalam, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu har Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Dakta Walter Miller a Zariya, suka zama Kiristoci, daga baya aka tare a Wusasa. Daga wannan al'umma aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Yara nawa ne a Babura suka karanta littafin nan a makaranta ba su san Kirista ne ya rubuta shi ba?

Sai masu cewa addinin Bature ne, Turawan mulki suka shigo da shi a bakin bindiga. Nan akwai rabin gaskiya. Turawan mishan ne suka kawo shi ƙasar Hausa, wannan ba a musu. Amma su da Turawan mulki ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. Da Bishof Tugwell da Miller suka iso Kano a 1900, Sarki Alu bai ba su wurin zama ba. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba, aka kuwa shafe kusan shekara talatin ana taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautu. Shi kansa addinin ba a Turai aka haife shi ba. A Falasɗinu ya fara, ya kafu a Masar tun ƙarnonin farko, Sarki Ezana na Habasha ya karɓe shi a ƙarni na 4, Agustin kuwa, ɗaya daga manyan malamansu, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ɗalibin Islamiyya ma ya san wannan ko da bai lura ba, domin Najjashi, wanda ya ba Sahabbai mafaka a hijirar Habasha, sarkin Kiristoci ne.

Wadda ta fi nauyi ita ce batun alloli uku. Na sha ji ana cewa wai Allah da Maryamu da Isa suke bauta wa. In saurayi ya tambayi dattijon majami'a, "Baba, da gaske ne alloli uku gare ku?" amsar da zai samu ba ta wuce, "A'a ɗana, Allah ɗaya ne." Haka Katolika zai ce, haka ɗan Angilika, haka ɗan ECWA. Koyarwarsu ita ce Allah ɗaya ne a zatinsa, amma ya kasance Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tun fil'azal, kuma shaidar bangaskiyar da aka fara tsarawa a taron Nikiya a 325 da kaɗaita Allah ta buɗe. Maryamu ba ta cikin ukun a wajen kowace babbar ɗarika. Katolika suna girmama ta suna roƙon ta yi musu addu'a, 'yan ECWA da Baftis ko wannan ba sa yi. Haka nan in sun ce Ɗan Allah ba aure da haihuwa suke nufi ba, su ma sun ɗauki wannan fahimta saɓo.

Kada a ɗauka ina cewa bambancin ƙarami ne. Musulmi bai yarda da wannan koyarwa ba ko da an yi masa bayaninta daidai, a wajensa Isa bawan Allah ne kuma Manzonsa, ba a gicciye shi ba. Kirista kuwa ya rataya dukan cetonsa a kan gicciyen da tashin. Wannan saɓani ne na gaske, kowa kuma ya san inda ya tsaya. Abin da nake ƙi shi ne a bar saɓanin da yake akwai a je ana faɗa a kan wanda aka ƙirƙira.

Littafinsu fa? Masu cewa da Turanci aka rubuta shi sun yi kuskure. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta, da ɗan kaɗan na Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Girkanci. Tarin littattafai ne, 66 a wajen Furotesta, 73 a wajen Katolika. Fassarar Hausa ta faro ne da wani Bajamushe, J.F. Schön, wanda ya ƙaru ƙwarai da Hausar Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi wani matafiyi mai suna Barth zuwa Turai. Sabon Alkawari ya fito a 1880, cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aka sake fassara shi kusan shekara hamsin bayan haka saboda harshe ya motsa. Yawancin abin da ake kira "sun sake canza shi" irin wannan sabuwar fassara ce. Amma gaskiya ne tsofaffin kwafe-kwafen hannu sun saɓa a wasu wurare. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus, alal misali, babu su a kundin Sina'i na ƙarni na 4, kuma fassarorin zamani da yawa suna rubuta hakan a ƙasan shafi. A ɗaya ɓangaren, naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka gano kusa da Tekun Gishiri a 1947 ya girmi kwafin da aka sani da kimanin shekara dubu, aka kuma tarar sun yi kusa ƙwarai. Hukuncin aƙida a kan littafin na malamai ne, amma tarihin takardun a buɗe yake ga kowa.

Na yau da kullum ba sa buƙatar dogon bayani. Cewa Kirista ba ya azumi jita-jita ce: Katolika da Angilika suna da kwana 40 kafin Ista, sauran ɗariku suna kiran azumi da addu'a, sai dai tsarinsa ba irin na Ramadan ba ne. Cewa giya dole ce gare su ma ƙarya ce. ECWA ta hana mabiyanta, a ƙauyukan Maguzawa ma barin burkutu na cikin alamun farko da ake gane wanda ya shiga coci; Katolika ba su haramta ta ba amma suna tsine wa maye. Naman alade yawancin ɗariku ba su hana ba, duk da haka 'yan Adbentis da cocin Habasha ba sa ci, Kiristocin Hausawa da yawa ma ba su saba da shi ba.

Akwai kuma wadda Kiristoci da yawa suka riƙe da kansu, wato cewa ranar 25 ga Disamba aka haifi Almasihu. Littafinsu bai faɗi rana ko wata ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin a wannan rana daga Rum ta fito, ta shekarar 336, kuma har yau Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha ranar 7 ga Janairu suke nasu bikin.