Jinyar Ɗan Tsako A Ƙasar Kura Da Bunkure

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Sanyi na shigowa sai maigida ya fita wajen alkama da tumatir, a bar kaji a hannun matan gida da yara. To, a daidai wannan lokaci ne 'yan tsaki su ke mutuwa ƙwarai, a ce wai ciwo ne ya shigo. Mu dai a ganinmu, yawancin tsakin da ke mutuwa a makon farko sanyi da ƙishirwa ne ke kashe su, kuma da an san haka da an tsirar da su ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ga dalili. Kaza ta kan yi kwanci kwana 21. Dab da ƙyanƙyasa ɗan tsako ya kan janye sauran gwaiduwar ƙwai cikin cikinsa, ita ce guzurinsa na kwana 2 ko 3, saboda haka yunwa ba ta gaggawar kashe shi. Abin da ba shi da shi ɗumi ne, domin jikinsa bai iya riƙe zafin kansa ba sai ya yi wajen mako 2. A makon farko yana bukatar zafi na digiri 32 zuwa 35, alhali daren hunturu a ƙasar Kano ya kan sauka ƙasa da digiri 15. Wanda ya fito daga baya, uwar ta riga ta tashi da 'yan'uwansa, shi ne a kan tarar da safe ya saki fukafukai, ido a rufe.

In an sami irin wannan, a fara da ɗumi. A sa shi cikin kwali da tsumma busasshe, a ajiye kwalbar ruwan zafi a gefe an naɗe ta da ƙyalle, a bar masa wurin da zai matsa in zafi ya yi yawa. Mai kunna fitilar ƙwai ko kaskon gawayi ya bar kafar iska, gama gawayi cikin rufaffen ɗaki yana kashe tsaki, har mutum ma. Ba a ba ɗan tsako kome yana sandare. Sai ya ɗumama ya buɗe ido, sa'an nan a kawo ruwa.

Wajen ruwan nan ne tausayi ke yin ɓarna. Sau da yawa a kan buɗe bakin ɗan tsako a ɗura masa ruwa, a manta kafar numfashinsa tana nan a gindin harshe. Ruwa ya bi ta can, ya mutu a hannun mai jinya. Hanyar kirki ita ce a tafasa ruwa a bari ya huce, a jiƙa ƙaramin cokali ɗaya na sukari cikin kofi, a tsoma kan bakinsa kaɗai, a sake shi ya ɗaga kai ya haɗiye da kansa. A maimaita jim kaɗan, jim kaɗan. Kuma kada a ɗebo daga magudanar gona. Ruwan da ya ratsa gonar tumatir bayan feshi, ko wanda aka wanke injin feshi a cikinsa, abin da ba zai taɓa tunkiya ba ya isa ya kashe ɗan tsako.

Abinci shi ne na uku: gwaiduwar dafaffen ƙwai a marmashe, daga baya tsakin gero da 'yar gara. Masarar da ta yi funfuna guba ce gare shi. A duba bayansa, in kashi ya bushe ya toshe, a jiƙa da ruwan ɗumi a share a hankali, kada a fizge. Shimfiɗa kuwa, Kura garin cashe shinkafa ne, ɓuntu ba ya wuya. A shimfiɗa busasshe, a sauya da zarar ya jiƙe, domin danshi ke haddasa zawon jini.

Amma lalle a rarrabe tsakanin ɗan tsako guda mai rauni da annoba. Wanda cibiyarsa ta kumbura tana ɗoyi ba safai ya ke tashi ba, a ware shi kawai. In kuwa tsaki da manyan kaji suna faɗuwa tare, ga koren zawo, ga numfashi da kyar, wuya yana murɗewa, wannan ya fi ƙarfin sukari. Alamun cutar Niyukasil ke nan, wadda aka fara ganewa a 1926 aka sa mata sunan wani gari na Ingila. Ba ta da magani, kafson da a ke saye a kasuwa a ɓare cikin ruwa asarar kuɗi ne. Rigakafi kaɗai ke tsare ta. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tun 1924 tana yin maganin rigakafin, har da wanda a ke ɗigawa a ido, mai jure zafin ƙauye. Ba mu manta kuma da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Kaduna da Kano a watan Fabrairu na 2006 ba, kuma tana kama mutum. Saboda haka mushen kaza a binne shi da zurfi, kada a jefa a magudana ta kai wa na ƙasa, a kuma wanke hannu da sabulu.

Malaman makaranta da akawuna, ku ne ke da karatu, yaran da ke kiwon nan kuma a gabanku su ke zaune kullum. Ku koya musu jerin nan uku, ɗumi, ruwa, abinci. In an ga kaji fiye da biyu ko uku sun mutu rana ɗaya a unguwa, a rubuta wa malamin dabbobi na Kura ko na Bunkure a ranar, a faɗi yawansu da alamun da aka gani.