Dambe: Yawan Kisa Kaɗai Ba Ya Nuna Gwani

Da zarar an yanke gero an kai dawa rumbu, sai kalangu ya fara tashi da la'asar a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Bichi. Lokacin dambe ya yi ke nan. Tare da shi kuma tsohuwar gardama takan dawo: dattawa su ce tun bayan Shago da Ɗandunawa ba a sake yin ɗan dambe ba, samari su ce ai na yanzu sun fi yawan kisa. Haka ake watsewa ba wanda ya kayar da wani, domin ba abin da kowa ya dogara da shi sai abin da idonsa ya gani, ko kuwa waƙar Ɗan Anace.

Abin mamaki shi ne, waɗannan masu gardama manoma ne, kuma a gona ba sa yin wannan kuskure. Wanda ya ɗaure dami 30 a farin 1973, lokacin da maƙwabtansa suka tashi hannu banza, kowa ya san ya fi wanda ya ɗaure 50 a shekarar da ruwa ya wadata. Da abin da sauran jama'a suka samu a wannan damina ake auna manomi.

Amurkawa sun daɗe da shigar da wannan ma'auni cikin besbol, wasansu na dukan ƙwallo da kulki. Duk shigar da ɗan wasa ya yi don bugu ana rubuta ta, a kuma lissafa sau nawa ya yi bugu mai kyau cikin kowace shiga 1,000. Sa'an nan sai a gwada nasa da matsakaicin na dukkan 'yan gasar.

Carl Yastrzemski ya yi wa ƙungiyar Boston Red Sox wasa daga 1961 zuwa 1983. Ya yi bugu mai kyau 3,419, lissafinsa na tsawon rayuwar wasa ya tsaya a 285 cikin 1,000. To, a 1930 matsakaicin 'yan wasan gasar National League baki ɗaya 303 ne. Mai duba alƙaluma a gaggauce sai ya ce ashe bai ma kai gama-garin 'yan wasan wancan zamani ba. Amma a 1968 masu jefa ƙwallo sun fi ƙarfin masu bugu, har matsakaicin gasar American League ya faɗi zuwa 230. A shekarar nan Yastrzemski ya sami 301, kuma shi ne ya zo na ɗaya. Lissafin da a 1930 bai kai matsakaici ba, shi ne ya ba shi kambi a 1968.

Dambe ba ya rasa abin ƙirgawa. Turmi uku ake yi, ko dai a yi kisa ko a tashi babu kisa, kuma kowane ɗan dambe an san ɓangarensa, Kudu ne, ko Arewa, ko Guramaɗa. Sai dai kisa 20 a kan yara masu tasowa ba ɗaya yake da kisa 5 a kan manyan zakaru ba, haka nan zamanin da akasarin wasanni ke ƙarewa babu kisa ya bambanta da wanda ake zubar da mutane kowace yamma.

Wasannin Shago sun wuce ba a ajiye lissafinsu ba. Na wannan kaka kuwa, jami'in wasanni na ƙaramar hukuma ko ɗalibi mai sha'awa zai iya kama su da littafi ɗaya da biro: ranar wasa, sunayen waɗanda suka kara, ɓangarensu, da turmin da aka yi kisa.