Wankan kyanwa a Zangon Kumasi

Kumasi babban birni ne a ƙasar Gana, cikin yankin Asante. Tun da daɗewa fataken Hausa suke zuwa wannan ƙasa sayen goro. Bayan yaƙin Salaga na shekarar 1892, Hausawa da yawa sun bar garin Salaga, wasunsu suka sauka Kumasi. Unguwar da baƙi suka zauna ita ake kira Zango. Har yau Hausa ake ji a can, a Aboabo da Asawase da Sabon Zango.

Gidajen Zango manya ne. Iyalai da yawa suna zama a gida ɗaya, ɗakunansu kewaye da tsakar gida. Wannan ta ajiye masara, waccan ta ajiye busasshen kifi. Inda abinci yake kuwa ɓera ba ya nisa. Shi ya sa ake kiwon kyanwa. Wasu suna ce mata mage, wasu mussa. Namijin shi ne muzuru. Da faransanci sunanta chat.

Yaran gida suna son kyanwa. Wani lokaci sukan kama ta, su tsoma ta cikin bokiti, wai za su yi mata wanka. Kyanwa sai ta yi kuka, ta yakushe su, ta gudu. Tana da gaskiya, don ta riga su yin wankan.

Harshen kyanwa yana da kaushi. Duk wanda ta taɓa lasar masa hannu ya san haka. A kan harshen akwai ƙananan ƙayoyi kusan 300, sun lanƙwasa suna kallon maƙogwaro. Abin da aka yi farce da shi, da shi aka yi su. A shekarar 2018 wasu masana a Amurka sun duba su da na'ura, suka ga bakin kowace ƙaya yana da rami kamar ɗan cokali. Ramin yana ɗebo miyau, ya kai shi har gindin gashi. Ke nan harshen nan shi ne soso, shi ne mataji. Inda harshe ba ya kai, kamar fuska da bayan kunne, sai ta lashi ƙafarta ta gaba ta goge.

Lasar tana da wani amfani kuma. Kyanwa ba ta zufa kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. In miyau ya bushe a jikinta sai ta ji sanyi.

Akwai abin da harshe ba ya iyawa shi kaɗai, wato ƙuma. A Maradi damina ɗaya ake yi a shekara, amma a Kumasi biyu ce. Ƙasa takan daɗe da laima, ƙuma kuwa tana son laima da ɗumi. Tana shan jinin kyanwa, ƙwayayenta suna zuba a tsumman da take kwana. In ta yi yawa a jikin ɗan kyanwa, jininsa yakan ragu har ya mutu. Don haka ana taje kyanwa da mataji mai ƙananan haƙora, daga kai zuwa wutsiya. Ƙumar da ta fito a jefa ta cikin ruwan sabulu. A wanke tsumman, a shanya shi a rana, a share ɗaki.

A nan ne mutane suke yin kuskure mai muni. Wani yakan shafa wa kyanwa kananzir, ko Dettol, ko ya fesa mata maganin sauro. Wani ya sa mata maganin ƙumar kare. Duk abin da aka sa a gashin kyanwa, cikinta zai tafi, tun da sai ta lashe shi. Hantarta ba ta iya tace irin wannan guba. Sai a ga tana rawar jiki, miyau yana zuba, kafin a ankara ta mutu. Maganin ƙumar kyanwa wurin likitan dabbobi ake neman sa.

Wankan ruwa sai in ya zama dole: ta faɗa cikin kwata, ko baƙin mai ya ɓata mata jiki. A nemi ruwa mai ɗan ɗumi a kwano, kada ya wuce cikinta. Mutum ɗaya ya riƙe ta a hankali, ɗaya ya zuba ruwa daga wuya zuwa ƙasa. Kada ruwa ya shiga ido ko kunne. A ɗauraye sabulun sarai, a goge ta da tsumma har ta bushe. Ɗan kyanwar da bai kai wata 2 ba, tsumma mai laima ya ishe shi, don sanyi yana saurin kama shi.

Mai taje kyanwa yana ganin abin da wasu ba su gani ba. In gashi ya zube a wuri ɗaya, ya bar tabo zagayayye, wataƙila makero ne, kuma yana kama yara. In kyanwa ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, ba ta da lafiya. Yaron da ya gama taɓa ta ya wanke hannu kafin ya ci abinci. In ta cije shi ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a kai shi asibiti, don ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma.