Yaron da Babu Mai Kaɗa Masa Ƙararrawa

Ɗan ƙanwata, mai shekara 11, ya taɓa yi wa rediyona filla-filla. Na dawo daga masallaci na iske shi a kan tabarma, ya jera kusoshi a murfin kwano, yana leƙen cikinta kamar mai neman inda mai karanta labarai ya ɓuya. Wannan fa shi ne yaron da malaminsa ke cewa ba ya mai da hankali. Tun hantsi har azahar ko ruwa bai nema ba.

Irin wannan ne ya tsaya wa wani malamin firamare Ba'amurke, John Holt, a rai. A littafinsa na 1964 ya bayyana abin da ya gani a ajinsa: tsoro ya sa yara sun daina tunani, sun koma karantar fuskar malami don su canki amsar da yake so. Da ya fid da rai da gyaran makaranta, sai ya kafa mujalla a 1977 domin iyayen da suka janye 'ya'yansu, ya raɗa wa hanyar suna unschooling.

Ba wai a kwaso aji a kawo falo ba ne. Babu manhaja, babu jarrabawa, babu ƙararrawa. Yaro ya bi abin da ya ja hankalinsa, ko tsuntsaye ne ko ɗinki, lissafi da karatu su riske shi a hanya. Aikin iyaye shi ne samo littattafai da kayan aiki, da kai shi wurin masu sani. A duk jihohin Amurka doka ta yarda da karatun gida. Jamus ta hana. A Najeriya kuwa dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara.

Masu wannan ra'ayi ba sa gajiya da labarin William Kamkwamba na Malawi. Yunwar 2001 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin sakandare, ya koma zaman ɗan ƙaramin ɗakin karatu na garinsu. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, zane-zanen littafi yake bi. Da gangar jikin keke, da farfelar tarakta, da bututun roba da ya gasa ya miƙar, ya haɗa injin da iska ke juyawa ya kunna ƙwan lantarki a ɗakinsa. Shekararsa 14. Mutanen gari har sun fara cewa ya taɓu.

To amma a nan nake rabuwa da su. William bai zaɓi barin makaranta ba, talauci ne ya koro shi, kuma da dama ta samu komawa ya yi, har ya gama jami'ar Dartmouth a 2014. Sannan ya riga ya iya karatu, akwai kuma littafi kusa. Yaron da ke yawon talla a tasha ba shi da ko ɗaya. Kiran halin da yake ciki 'yancin koyo cin fuska ne.

Ɗan ƙanwata dai yana nan a makaranta. Sai dai na saya masa sukundireba, kuma duk Asabar yana wuni a rumfar wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Tawa rediyon tana can a ƙarƙashin teburinsu, ya ce in ƙara haƙuri.