Rubutun Buroshi a Allunan Kasuwa: Misali Daga Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi nazarin wani irin rubutu da masana ba su cika waiwaya ba, watau manyan baƙaƙen da masu fenti ke zanawa da hannu a allunan shaguna da jikin motoci. Manufarta ita ce a nuna cewa kaushinsa ba kasawa ba ce, kuma Hausa za ta yi asara in ya ɓace.

Asali

Garin Ƙaura Namoda ya zama ƙarshen hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya a shekarar 1929. Daga nan motoci suka riƙa kai kaya Shinkafi da Zurmi, su komo da amfanin gona. Inda baƙi suka yawaita kuwa, dole mai shago ya nemi abin da zai yi masa shela ko yana barci.

Kamanni da Amfani

Baƙaƙen nan masu kauri ne, bakinsu bai miƙe sosai ba, ana ma ganin sawun gashin buroshi. Mai zane yakan ja layi da alli, ya auna fili da ido, ya matse baƙaƙe ko ya buɗa su gwargwadon faɗin allo. Sau da yawa yakan yi musu inuwa da wani launi don su fito. Hikimar ita ce a karanta su daga nesa, cikin ƙura, ko mota na gudu. Saboda haka sun dace da sunan shago ko karin magana a bayan gingimari, amma ba su dace da dogon bayani ba, don suna gajiyar da ido.

Matsalar Ƙugiya

Tun shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko. Mai buroshi, in ya san ƙa'ida, jan hannu ɗaya ya ishe shi ya sa ƙugiya. Yanzu kuwa allunan leda da ake bugawa da kwamfuta suna ture na fenti, alhali yawancin baƙaƙen ado na kwamfuta ba su da waɗannan uku. Sai a ga “Masaukin Baki” a inda ake nufin baƙi, ko “kasa” a maimakon ƙasa. Yaro mai koyon karatu kuwa, abin da ya gani a titi shi yake ɗauka daidai.

Kammalawa

Muna ba da shawara sassan Hausa da na zane a kwalejojin ilmi su ɗauki hotunan allunan da suka rage a garuruwan nan uku kafin rana da damina su cinye su. Sa'an nan a zauna da masu zanen, a tsara wa kwamfuta cikakken jerin baƙaƙe irin na hannunsu, manya da ƙanana, kowane da ƙugiyarsa.